Gwaji a bayan labule: Yadda manyan ƙungiyoyin okestira ke ɗaukar makaɗa da abin da ake son sauyawa

Kimanin shekara 50 ke nan manyan ƙungiyoyin makaɗa na Amurka, waɗanda ake kira okestira, suke ɗaukar ma'aikata ta wata hanya da ba kasafai ake ganin irinta a sauran sana'o'i ba. Mai neman aiki yakan tsaya a bayan labule ya yi kiɗa, alƙalai na zaune a ɗaya ɓangaren suna saurare, ba su san sunansa ba, ba su kuma ga fuskarsa ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan zaure kuwa ganin aka kora, domin kunne kaɗai ya yanke hukunci.

An ɓullo da tsarin ne don a toshe ƙofar son kai da sanayya, kuma an daɗe ana buga misali da shi a littattafan tattalin arziki da na shugabanci. Sai dai tun daga 2020 muhawara ta kaure a kansa: wasu na cewa a yaye labulen, wasu na cewa a bar shi har ƙarshen gwaji. Tarihin tsarin ya nuna cewa labulen yana kare mai neman aiki ne na 'yan mintuna, alhali abin da ke yanke makomarsa ya haɗa da shekarun da suka gabaci gwajin da waɗanda ke biye da shi.

Mece ce okestira, me kuma ya sa kujerarta ke da daraja?

Okestira ƙungiya ce da ke kaɗa kiɗan gargajiyar Turai wanda aka rubuta a takarda, irin na su Mozart da Beethoven. Babba daga cikinsu takan ƙunshi makaɗa 80 zuwa 100, a sassa huɗu. Akwai masu kayan tsirkiya, dangin goge, wato bayolin da biyola da celo da babbansu dabul-bes. Akwai masu busa kayan itace, kamar sarewa da kilarinet da obo mai kama da algaita. Akwai masu ƙahonin tagulla irin turamfet da turombon. Sannan akwai masu ganguna, cikinsu har da timfani mai kama da tambari. A gabansu duka madugu ke tsaye da siririyar sanda yana ba da umarni.

Wanda aka tabbatar wa kujera a irin wannan ƙungiya yakan riƙe ta har ya yi ritaya, sau da yawa shekara 30 ko 40. A manyan okestirorin Amurka, mafi ƙarancin albashin makaɗi ya haura dala 100,000 a shekara. Kujerun kuma ƙalilan ne: ƙungiya guda takan riƙe masu turombon uku kacal da babban mai timfani ɗaya. Idan gurbi ya buɗe, mai yiwuwa ba zai sake buɗewa ba sai bayan shekaru masu yawa. Shi ya sa yadda ake cike shi ya zama abin jayayya.

Kafin zuwan labule

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, madugu ne ke da wuƙa da nama. Mashahuran madugai irin su Fritz Reiner a Chicago da George Szell a Cleveland su ke ɗaukar wanda suka ga dama, su sallami wanda suka ga dama. Ba a cika tallata gurabe ba. Shugaban sashe yakan kawo ɗalibinsa, madugu ya saurare shi a ofis ko a ɗakin otal, magana ta ƙare. Sakamakon haka shi ne ƙungiyoyin suka cika da maza fararen fata, akasari almajiran malamai 'yan kaɗan.

Okestirar Boston ce ta fara gwada labule a 1952, a zagayen farko na gwaji. Amma sauyin gaske ya zo ne ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce gwagwarmayar ƙwadago. A 1962 makaɗan okestira suka kafa ƙungiyarsu mai suna ICSOM, kuma sannu a hankali suka samu a rubuta cikin yarjejeniyar aiki cewa dole a tallata kowane gurbi, kuma kwamitin makaɗa ya zauna tare da madugu wajen zaɓe.

Hanya ta biyu ita ce fafutukar 'yancin baƙaƙen fata. A 1969 wasu makaɗa biyu baƙaƙe, Arthur Davis mai dabul-bes da Earl Madison mai celo, suka kai ƙarar New York Philharmonic gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta birnin New York, suna zargin ta da wariyar launin fata, suka kuma nemi a gwada su a bayan labule. A 1970 hukumar ta ce ba a tabbatar da wariya wajen hana su kujerar dindindin ba, amma ta samu ƙungiyar da laifi a yadda take ɗaukar makaɗan wucin gadi ta hanyar sanayya. Daga shekarun 1970 zuwa na 1980, akasarin manyan okestirorin ƙasar suka rungumi labule.

Yadda ake gudanar da gwajin

Idan gurbi ya buɗe, ana tallata shi, masu sha'awa su aika takardar tarihin aikinsu. Wasu ƙungiyoyi kan saurari duk wanda ya nema, wasu kan tace tun daga takarda ko daga kiɗan da aka naɗa aka aiko. Ba abin mamaki ba ne mutum 100 ko fiye su nemi kujera ɗaya.

Ana aika wa kowa jerin gutsattsarin kiɗan da zai shirya, wato wurare mafi wuya daga sanannun ayyuka. Mai bayolin da wuya ya tsira daga shafin farko na Don Juan na Richard Strauss, haka mai turombon daga Bolero na Maurice Ravel. Ranar gwaji ana ba kowa lamba. Ana shimfiɗa darduma daga ƙofa zuwa inda zai tsaya, ko a ce ya tuɓe takalmi, don kada ƙarar takunsa ta nuna mace ce ko namiji. An hana shi magana. Idan yana da tambaya sai ya raɗa wa jami'in da ke tare da shi, shi kuma ya isar.

Zagayen farko ba ya wuce mintuna biyar zuwa goma, kuma ana iya dakatar da mutum tun bai gama ba. Alƙalai na jefa ƙuri'a a asirce. Wanda ya tsallake ya tafi zagaye na biyu, daga nan sai na ƙarshe, inda madugu ke shigowa. A ƙungiyoyi da dama, a nan ne ake yaye labule. Wani lokaci kuma kwamiti kan tashi ba tare da ya ɗauki kowa ba, ya ce babu wanda ya kai.

Matsin da ke cikin wannan gwaji ba ƙarami ba ne. Wani bincike da ICSOM ta sa aka gudanar a shekarun 1980 a kan makaɗa sama da 2,000 ya gano cewa kashi 27 cikin 100 nasu sun taɓa shan maganin rage bugun zuciya don kawar da fargaba, kuma ranar gwaji na cikin lokutan da aka fi shan sa.

Abin da labule ya yi wa mata

A 1970, mata ba su kai kashi 5 cikin 100 na makaɗan okestirori biyar mafi girma a Amurka ba, wato na New York da Boston da Chicago da Philadelphia da Cleveland. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 sun kai kimanin kashi 25. New York Philharmonic ta ɗauki Orin O'Brien mai dabul-bes a 1966, lokacin ita kaɗai ce mace a cikin maza sama da 100. A 2022, karo na farko tun kafuwar ƙungiyar a 1842, mata suka fi maza yawa, 45 da 44.

Masana tattalin arziki biyu, Claudia Goldin da Cecilia Rouse, sun bi takardun gwaji na okestirori takwas, suka wallafa sakamakonsu a mujallar American Economic Review a shekarar 2000. Sun ce labule yana ƙara wa mace damar tsallake zagayen farko da kusan rabi, kuma shi ne sanadin wani kaso mai tsoka na ƙaruwar matan da aka ɗauka. Binciken ya yi suna ƙwarai. Daga baya Goldin ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, Rouse kuma ta shugabanci majalisar masu ba Shugaba Joe Biden shawara kan tattalin arziki.

Amma binciken bai tsira daga suka ba. A 2019 wasu masana ƙididdiga, cikinsu har da Andrew Gelman na Jami'ar Columbia, suka nuna cewa yawan mutanen da aka gina wasu alƙaluman a kansu bai kai a yanke hukunci mai ƙarfi ba. Su kansu marubutan sun faɗa a cikin takardar cewa wasu ƙiyasin nasu na da rauni, kuma a zagaye na biyu sakamakon ya karkata ne zuwa akasin abin da suka zata. Ban da haka, a waɗannan shekarun ne mata suka ƙaru a makarantun kiɗa, aka kuma fara tallata gurabe ga kowa. Babu mai musun cewa mata sun ƙaru. Saɓanin yana kan ko nawa ne rabon labule a ciki.

Yadda ta kaya a Turai

Labarin da ya fi shahara ya faru ne a Jamus. A 1980 wata Ba'amurkiya mai busa turombon, Abbie Conant, ta shiga gwajin Munich Philharmonic a bayan labule, kuma takardar gayyatar da aka aika mata ta ɗauke ta a matsayin namiji. Ta yi nasara a kan sauran masu nema, ta zama shugabar sashe. Bayan wa'adin gwaji, madugun ƙungiyar, Sergiu Celibidache, ya mayar da ita kujera ta biyu. Ta ce ya shaida mata cewa namiji ake bukata a wurin. Ta kai hukumar birnin Munich kotu, har aka sa likitoci suka auna ƙarfin huhunta. Ta koma kujerarta a 1988, sannan ta sake shiga wata shari'ar kan a daidaita albashinta da na takwarorinta maza, wadda ta ci a 1993. Nasarar da ta samu cikin mintuna sai da ta shekara 13 kafin ta tabbatar da ita.

Berlin Philharmonic na bin wata hanya dabam. Mai neman aiki yana kiɗa ne a gaban ɗaukacin makaɗan, su jefa ƙuri'a, sannan ya yi wa'adin gwaji na shekara biyu kafin a sake wata ƙuri'ar. Sai a 1982 ƙungiyar ta ɗauki mace ta farko, Madeleine Carruzzo mai bayolin. A daidai wannan lokaci rikici ya ɓarke tsakanin madugu Herbert von Karajan da makaɗansa a kan Sabine Meyer mai kilarinet: shi yana son ta, su kuma akasarinsu suka ce muryar busarta ba ta saje da ta sashen ba. Ta bar ƙungiyar a 1984.

Vienna Philharmonic ta ƙasar Ostiriya ta fi kowa jinkiri. Sai a 1997, bayan matsin lamba daga ciki da wajen ƙasar, ta amince mace ta zama cikakkiyar mamba. Ta farko ita ce Anna Lelkes, mai kaɗa garayar Turai, wadda ta riga ta shafe fiye da shekara 20 tana kiɗa tare da su ba tare da wannan matsayi ba.

A Birtaniya kuwa nauyin ya fi karkata ga abin da ke bayan gwaji. Akan zaɓi mutum da yawa, kowa ya riƙa zuwa yana kiɗa tare da ƙungiyar na wasu makonni, kuma hakan na iya jan watanni ko ma shekaru kafin a tsayar da ɗaya.

Inda labule bai kai ba

Baƙaƙen fata na cikin waɗanda suka fi matsa wa a kawo labule, amma su ne suka fi ƙarancin cin moriyarsa. Alƙaluman League of American Orchestras, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar okestirorin ƙasar, sun nuna cewa a 2014 baƙaƙe kashi 1.8 ne cikin 100 na makaɗa, 'yan asalin Latin Amurka kuma kashi 2.5. A rahoton 2023 baƙaƙen sun kai kashi 2.4, na biyun kashi 4.8. Wannan a ƙasar da baƙaƙe suka kai kimanin kashi 13 cikin 100 na jama'a.

Dalili na farko yana gaban labule. Yaron da zai ci irin wannan gwaji yakan fara koyo tun yana ƙarami, da malami na musamman da ake biya duk mako, da kayan kiɗa mai tsada, sannan ya yi shekaru a makarantar kiɗa. Ranar gwaji ma shi zai biya kuɗin jirgi da masauki, kuma mai celo sai ya saya wa kayan kiɗansa kujera a jirgi. Mutum na iya zuwa gwaji sau goma ko ashirin kafin ya dace. Wanda ba shi da mai tallafa masa yakan haƙura tun da wuri. Ga kuma tacewar takardu, inda suna da makaranta ke a fili, da al'adar gayyatar sanannun makaɗa kai tsaye zuwa zagaye na biyu ko na ƙarshe.

Dalili na biyu yana bayan labule. Wanda ya ci gwaji sai ya yi wa'adin shekara ɗaya ko biyu kafin a tabbatar da shi, kuma a nan babu abin da ke ɓoye. A 1972 Elayne Jones, baƙar fata mai timfani, ta ci gwajin San Francisco Symphony a bayan labule, ta zama shugabar sashe. A 1974 kwamitin makaɗa ya ƙi tabbatar da ita. Ta kai ƙara, aka sake ƙuri'a a 1975, aka sake ƙin ta. Bayan kusan shekara 50, a 2023, makamanciyar wannan taƙaddama ta taso lokacin da Kansas City Symphony ta ƙi tabbatar da shugaban sashen gangunanta, Josh Jones, shi ma baƙar fata, abin da ya jawo ƙorafi daga makaɗa da dama a faɗin ƙasar. Masu suka na cewa ma'aunin da ake amfani da shi a wannan mataki, wato ko mutum ya saje da abokan aikinsa, ba shi da iyaka bayyananna, kuma ta nan son zuciya ke komowa.

Shawarwarin da ke kan teburi

Ɓangare na farko na ganin a cire labule. A Yulin 2020, makonni bayan kisan George Floyd, babban mai sharhin kiɗa na jaridar New York Times a lokacin, Anthony Tommasini, ya rubuta cewa waɗanda ke kaiwa zagayen ƙarshe duk gwanaye ne, bambancinsu ƙalilan ne, don haka ya kamata ƙungiya ta iya duba launin fata da jinsi domin ta yi kama da al'ummar da take yi wa kiɗa. Makaɗa da yawa, har da baƙaƙe, ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce wanda aka ɗauka ta haka zai rayu da zargin cewa alfarma aka yi masa. Sukan tuna abin da ya faru a 1989, lokacin da 'yan majalisar jihar Michigan suka riƙe tallafin Detroit Symphony saboda ƙarancin baƙaƙe a cikinta, ƙungiyar kuma ta ɗauki Richard Robinson mai dabul-bes ba tare da gwajin da aka saba ba, lamarin da ya haifar da cece-ku-ce duk da cewa abokan sashensa sun amince da ƙwarewarsa.

Ɓangare na biyu na cewa matsalar ita ce ana yaye labulen da wuri. Misalinsu shi ne okestirar Metropolitan Opera ta New York, inda labule ke nan har zagayen ƙarshe, alƙalai ba sa tattaunawa kafin su jefa ƙuri'a, kuma wanda ya fi ƙuri'a shi ake ba aikin. Masu wannan ra'ayi na son a daina gayyata ta musamman, a rage tacewar takardu, a kuma daina tashi ba a ɗauki kowa ba. Masu adawa da su na cewa kiɗan okestira aikin gayya ne, kuma mintuna goma na kiɗan mutum shi kaɗai ba sa nuna ko zai iya sauraron na kusa da shi ya bi numfashinsa.

Ɓangare na uku ya mayar da hankali ga abin da ke kewaye da gwajin. A 2018 ƙungiyar Sphinx ta Detroit da New World Symphony da League of American Orchestras suka kafa wani ƙawance mai suna NAAS, da tallafin dala miliyan 1.8 daga Gidauniyar Mellon, don biya wa makaɗa baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka kuɗin tafiya, da shirya musu gwajin share fage da malamai masu ba da shawara. A 2022 makaɗa baƙaƙe suka kafa Black Orchestral Network, wadda ke neman a rubuta ƙa'idojin tabbatar da aiki a fili, a riƙa sanar da sabon makaɗi kurakuransa tun da sauran lokacin gyara, a kuma ba shi damar ɗaukaka ƙara. A Birtaniya, Chi-chi Nwanoku mai dabul-bes, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne mahaifiyarta kuma 'yar Ailan, ta kafa okestirar Chineke! a 2015, mai rinjayen baƙaƙe da sauran tsirarun jinsi, don samar musu dandalin da za a gan su a kuma ji su.

Abin da ya shafi sauran ma'aikatu

Muhawarar ta wuce zauren kiɗa, domin da misalin okestira ne ma'aikatu da dama suka fara ɓoye sunayen masu neman aiki. A 2015 gwamnatin Birtaniya ta sanar da cewa za ta riƙa cire sunaye daga takardun masu neman aikin gwamnati. A 2017 kuwa wani gwaji da gwamnatin Ostireliya ta yi a kan ma'aikatanta ya fito da sakamakon da ba a zata ba: ɓoye suna ya ɗan rage damar mata, saboda masu tacewar da ma suna ɗan fifita su idan sun ga sunan.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne ɓoye fuska na maganin cuta ɗaya ce tak, wato son zuciyar alƙali a lokacin da yake hukunci. Ba ya sauya wanda ya samu tarbiyyar da za ta kai shi bakin ƙofa, ba ya kuma bin sa cikin gida bayan an ɗauke shi. Shi ya sa a yarjejeniyoyin aikin da okestirorin Amurka ke sabuntawa da makaɗansu, batutuwan da ake ja-in-ja a kansu yanzu su ne wa za a gayyata, a wane zagaye za a yaye labule idan ma za a yaye shi, da kuma bisa wane ma'auni za a tabbatar da wanda ya yi nasara.